GODIYA DA LAFIYAR IYALI: DARASI DON GIDAJEN MASU BI

Karatu: Luka 17:11-19; Filibiyawa 4:4-9; Zabura 103:1-5
Ayar haddacewa: 1 Tasalonikawa 5:18
Manufa: Iyali su fahimci amfanin da godiya ta kullum take yi wa zuciya da jiki da zaman gida, su kuma san inda iyakar wannan amfani take.

GABATARWA

Wanda ya zauna a garin Lafiya, wanda ya zama babban birnin Jihar Nasarawa tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, ya san cewa kalmar godiya ba ta da wuyar ji. Daga Bukan Sidi zuwa Tudun Gwandara, daga Shabu zuwa Kasuwar Zamani, Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Barebari sukan gaisa da juna da Hausa. In an tambayi mutum aiki, sai ya ce da godiya. In an tambaye shi iyali, sai ya ce an gode Allah. Majinyaci a gadon asibiti ma, amsarsa ke nan. Idan kaka ta yi, ikilisiyoyin garin, ERCC da ECWA da Baftis da Anglikan da Katolika da sauransu, sukan keɓe rana ta godiya. Zumuntar Mata su shigo da waƙa da rawa, manoma su kawo doya da shinkafa da riɗi da agushi, wasu su jawo akuya, wasu su riƙo kaza.

Duk da haka, a cikin gidajen da ake wannan gaisuwa akwai maigidan da yake kwana yana juyi saboda kuɗin makaranta, akwai uwargidan da jininta ya hau, akwai 'ya'yan da ba sa jin komai daga bakin iyayensu sai faɗa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar rayuwa ta ƙara wa gidaje da yawa nauyi. Me ya sa godiya ta yi yawa a baki, amma kwanciyar rai ta yi ƙaranci a gida? Amsar wannan darasi ita ce, godiyar da take taimakon lafiya ita ce wadda take ambaton abu da sunansa, ana yinta kowace rana, ana kuma furta ta ga Allah da ga mutanen da ya yi amfani da su.

1. KUTARE GOMA, MAI GODIYA ƊAYA

Luka, wanda shi kansa likita ne (Kolosiyawa 4:14), ya ba da labarin kutare goma da suka tari Ubangiji Yesu a kan iyakar Samariya da Galili. Daga nesa suka tsaya, domin shari'ar Littafin Firistoci sura 13 ta ware mai irin wannan cuta daga jama'a. Yesu ya aike su wurin firistoci, waɗanda su ne suke da ikon tabbatar da cewa mutum ya tsarkaka. A hanya dukansu suka warke. Mutum ɗaya ne kawai, Basamariye kuwa, ya komo.

Abubuwa uku ne wannan mutum ya yi. Da fari ya lura da abin da ya faru a jikinsa. Sa'an nan ya dakatar da tafiyarsa ya juyo. A ƙarshe ya ɗaga murya ya yabi Allah, ya fāɗi a gaban wanda ya warkar da shi. Sauran taran ma sun yi murna, babu shakka, amma murnarsu ta tsaya a kan kyautar, ba ta kai ga mai bayarwa ba.

Ya kamata a lura cewa Yesu bai mayar wa taran nan cutarsu ba. Warkarwa alheri ce, ba a saye ta da godiya. Amma kalmar da ya yi amfani da ita ga Basamariyen a aya ta 19, a harshen Helenanci, tana ɗauke da ma'anar warkewa da ta ceto gaba ɗaya. Taran sun sami fata mai kyau, na goman ya sami lafiya cikakkiya. Bahaushe ma haka ya fahimci kalmar lafiya, wadda ita ce sunan garin nan: in ya ce gari lafiya, ko an rabu lafiya, ba zancen jiki kaɗai yake yi ba. Tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1948, shi ma ya bayyana lafiya a matsayin jin daɗin jiki da hankali da zaman jama'a, fiye da rashin ciwo kawai.

2. YADDA DAMUWA TAKE CIN JIKI

Allah ya halicci jikin mutum da shirin kāre kai. Idan manomi ya ci karo da maciji a kunyar doya, ƙwaƙwalwarsa takan aika saƙo nan take zuwa wasu ƙananan halittu biyu da suke bisa ƙoda. Su kuma sai su saki sinadarai, ɗaya ana kiransa adiranalin, ɗaya kotisol. Zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau, suga ya ƙaru a cikin jini, mutum ya sami ƙarfin gudu ko na duka. Da haɗarin ya wuce, sai jiki ya koma daidai.

Matsalar ita ce, jiki yakan amsa tunanin bashi ko na faɗan gida kusan yadda yake amsa ganin maciji. Mutumin da yake kwana yana tashi da fargaba da gunaguni, ya bar wannan shiri a kunne dare da rana. Da tafiya ta yi nisa, barci yakan gagara, kai ya yi ta ciwo, cin abinci ya rikice, saurin fushi ya ƙaru. Karin Magana 17:22 ta kwatanta zuciya mai farin ciki da magani, ta kuma nuna cewa karayar zuciya tana ƙarar da mutum har ƙashi. Karin Magana 14:30 ta faɗi irin wannan game da kwanciyar rai da hassada.

Manzo Bulus yana tsare ne lokacin da ya rubuta wa Filibiyawa. Bai ce musu su yi kamar ba su da bukata ba. Ya umarce su su kai kowace bukata gaban Allah, amma su haɗa roƙon da godiya, sa'an nan salamar Allah za ta yi gadin zuciyarsu da tunaninsu. A aya ta 8 ya ƙara da nuna musu irin abubuwan da za su riƙa sa hankali a kai. Hikimar da ke ciki a fili take. Hankalin mutum ba ya iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda, kuma ya fi saurin manne wa abin da ya ɓaci. Godiya horo ce da take juyo da hankali ga abin da yake nan, wanda damuwa ta rufe.

3. ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

A shekara ta 2003, malaman nazarin halayyar ɗan adam biyu a Amurka, Robert Emmons na Jami'ar Kalifoniya da Michael McCullough na Jami'ar Miyami, sun buga sakamakon wani gwaji. Sun raba ɗalibai kusan 200 kashi uku. Kashi na farko suna rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, na biyu suna rubuta abubuwa biyar da suka ɓata musu rai, na uku kuma abubuwa biyar da suka faru kawai. Bayan mako goma, masu rubuta godiya sun fi gamsuwa da rayuwarsu, sun fi sa zuciya ga mako mai zuwa, ba su kuma kai sauran yawan kukan ƙananan ciwace-ciwace ba. Malaman sun sake gwadawa da manya 65 masu cututtukan jijiya da tsoka har kwana 21, aka ga barcinsu ya ƙaru, suna kuma tashi da wartsakewa.

A 2005, Martin Seligman na Jami'ar Fensilbaniya da abokan aikinsa sun sa wasu mutane su rubuta wasiƙar godiya ga wanda ya taɓa yi musu alheri, su kai masa da hannunsu. Farin cikinsu ya ƙaru ƙwarai, amma bayan wata guda ya soma komawa yadda yake. Waɗanda aka sa su riƙa rubuta abubuwa uku masu kyau kowane dare, tare da dalilin faruwarsu, an ga amfanin a farin cikinsu har bayan wata shida, musamman waɗanda suka ci gaba da yi don kansu. Wannan darasi ne ga ikilisiya: babban biki na rana ɗaya yana ɗaga zuciya, amma ƙaramin aiki na kullum shi ne yake zaunar da ita.

Game da barci, Alex Wood da abokansa a Ingila sun yi nazarin mutum 401 a 2009. Sun gano cewa masu halin godiya sun fi samun barci mai daɗi, kuma dalilin yana cikin irin tunanin da suke kwanciya da shi. A 2015, Paul Mills a San Diyego ya duba mutum 186 masu matsalar zuciya wadda ba ta kai ga nuna alamu ba tukuna. Waɗanda suka fi godiya a cikinsu sun fi barci, gajiyarsu da baƙin cikinsu sun fi sauƙi, alamun kumburi a jininsu ma sun fi ƙanƙanta. A 2024 kuma, masu bincike a Jami'ar Harvard sun buga nazarin da suka yi a kan tsofaffin ma'aikatan jinya mata 49,275. An auna halin godiyarsu a 2016, aka bi su har ƙarshen 2019. Haɗarin mutuwa a wannan lokaci ya ragu da kashi 9 cikin 100 ga waɗanda suka fi godiya, idan aka gwada su da waɗanda suka fi ƙarancinta.

4. GODIYA BA TA MAYE GURBIN ASIBITI

Mai bi mutum ne na gaskiya, saboda haka dole a faɗi ɗaya gefen. Nazarin Mills da na Harvard sun nuna cewa godiya da lafiya suna tafiya tare, amma irin wannan nazari ba ya iya tabbatar da wanne ne ya haifi wanne, gama mai lafiya ya fi samun sauƙin yin godiya. A gwajin Emmons da McCullough, masu ciwon jijiya sun sami barci, amma zafin ciwonsu bai ragu ba. A 2020, David Cregg da Jennifer Cheavens na Jami'ar Jihar Ohayo sun tattara gwaje-gwaje 27, suka ga cewa taimakon da aikin godiya yake yi wa masu ciwon damuwa da fargaba ƙarami ne, bai isa ya zama magani shi kaɗai ba. Yawancin waɗannan bincike kuma a Amurka da Turai aka yi su.

Wannan gargaɗi yana da muhimmanci a gidajen masu bi. An kiyasta cewa kusan uku cikin kowane manya goma a Nijeriya suna da hawan jini, da yawansu kuwa ba su sani ba, domin sau da yawa ba ya nuna alama sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Wanda aka auna shi sau da dama aka sami 140 bisa 90 ko fiye, yana bukatar ganin likita, da rage gishiri da dunƙulen miya, da motsa jiki, da shan maganin da aka rubuta masa. Mutumin da ya tsaya a gaban jama'a ya ba da shaidar godiya, sa'an nan ya koma gida ya zubar da maganin hawan jini ko na suga ko na ƙanjamau ba tare da izinin likita ba, ya jefa ransa da iyalinsa cikin haɗari. Yesu da kansa ya aiki kutaren su je a duba su. Bulus ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23). Likita da ma'aikaciyar jinya da ƙwayar magani suna cikin abubuwan da ake gode wa Allah dominsu. Lafiya uwar jiki, in ji masu iya magana, wanda kuwa ya san darajar kyauta yakan kula da ita.

5. GODIYA A KWANAKIN WAHALA

Kudancin Jihar Nasarawa ya sha ganin tashin hankali. A rikicin 2001, da na 2013, da hare-haren 2018 a yankunan Awe da Keana da Obi da Doma, iyalai da yawa sun bar gidajensu da gonakinsu, wasu suka fake a makarantu da gidajen dangi. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, haka kuwa da wuya a sami ikilisiya a Lafiya wadda babu wanda wannan baƙin ciki ya taɓa a cikinta. Yaya za a yi wa irin waɗannan 'yan'uwa zancen godiya?

Ayar haddacewa ta umarci masu bi su yi godiya a cikin kowane hali. Ba ta bukaci kowa ya kira mugunta alheri ba. Littafin Zabura cike yake da kuka, Zabura 88 ma ta ƙare ba tare da wani haske ba, Allah kuwa ya bar ta a cikin Maganarsa. A kabarin Li'azaru, Yesu ya yi hawaye, daga baya ya ɗaga ido ya yi wa Uban godiya (Yahaya 11:35, 41). Hawaye da godiya suna iya zama a zuciya guda. Saboda haka kuskure ne a hana gwauruwa kuka da sunan godiya, ko a ce wa matar da mijinta yake duka ta yi shiru ta gode Allah, ko a hana ma'aikacin da aka riƙe wa albashi neman hakkinsa. Godiyar da aka tilasta wa mutum, ƙarin nauyi ce a kansa.

Ayyukan Manzanni 27:33-36 ya nuna yadda godiya ta gaskiya take aiki cikin haɗari. Mutum 276 suna cikin jirgin ruwa, guguwa tana jifa da su, kwana goma sha huɗu ba su ci abincin kirki ba. Bulus ya roƙe su su ci saboda lafiyarsu, ya ɗauki gurasa, ya yi godiya a gabansu duka, ya fara ci. Guguwar ba ta tsaya ba, jirgin ma ya farfashe daga baya, amma mutanen sun sami ƙarfin zuciya, suka ci, suka iya kai gaɓa. Tarihin ikilisiya yana da irin wannan misali. Martin Rinkart, fasto a garin Eilenburg na ƙasar Jamus a zamanin Yaƙin Shekara Talatin (1618 zuwa 1648), ya binne mutane fiye da 4,000 a annobar 1637, har da matarsa. Shi ne kuma ya rubuta wata waƙar godiya da ikilisiyoyi suke rerawa a harsuna da yawa har wa yau.

6. YADDA IYALI ZA SU SA WANNAN CIKIN AIKI

Na ɗaya, a ambaci abu da sunansa. A Maimaitawar Shari'a 26:1-11, manomin da ya kawo nunan fari ba ya ajiye kwando ya tafi. Sai ya ba da tarihin abin da Allah ya yi wa kakanninsa, mataki-mataki. Zabura 103 ma jera alheran take yi ɗaya bayan ɗaya. A sujadar iyali ta dare, kowa, har da ƙaramin yaro, ya faɗi abu uku na wannan rana: ruwan da aka samu a famfo, cinikin da aka yi, zazzaɓin da ya sauka, motar da ta iso lafiya daga Akwanga ko Makurɗi.

Na biyu, a sami littafin rubutu guda a ajiye kusa da Littafi Mai Tsarki. Yaro ɗan makaranta ya riƙa rubuta abin da aka faɗa, da Hausa ko da harshen gida. Ranar da abubuwa suka yi tsanani, a buɗe a karanta.

Na uku, a gode wa mutane a gabansu. Bulus ya cika Romawa sura 16 da sunayen waɗanda suka yi masa hidima, maza da mata. Yaba kyauta tukuici. Maigida ya ce wa matarsa, "Maman yara, sannu da aiki, na gode," ko da tuwon yau da kullum ne ta yi. Uwargida ta yaba wa mijinta ƙoƙarinsa ko da abin da ya kawo bai kai ba. Iyaye su gode wa yaron da ya ɗebo ruwa, da 'yar riƙon da take wanke-wanke. Gidan da ake jin irin wannan magana, faɗa ba ya samun wurin zama da sauƙi.

Na huɗu, kafin wannan wata uku ya ƙare, kowane babba ya tuna da mutum ɗaya da bai taɓa gode wa yadda ya kamata ba, ko tsohon malami, ko kawun da ya biya kuɗin makaranta, ko maƙwabci Musulmi ko Kirista da ya ba da mafaka a ranar tashin hankali. A je a same shi, ko a rubuta masa, ko a kira shi a waya.

Na biyar, a bar lissafin bashi da shawarar matsaloli zuwa safiya ko yamma. Abin da za a kwanta da shi a zuciya ya zama godiya da addu'a.

Na shida, godiya ta zama kyauta. Nassin nunan fari ya ce a yi murnar tare da Balawe da baƙo. Daga kayan godiyar kaka, a tuna da gwauraye da marayu da waɗanda rikici ya raba da gonakinsu.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa uku ne Basamariyen ya yi, wanne ne kuma ya fi wuya a gidan nan?
2. Mene ne bambancin godiyar gaisuwa da godiyar da aka bayyana a wannan darasi?
3. Wace shawara za a ba ɗan'uwan da ya ce ya daina shan maganin hawan jini domin ya riga ya yi godiyar warkewa?
4. Ta yaya za a ta'azantar da mai makoki ba tare da an tilasta masa godiya ba?
5. Wane ne a cikin gidan nan yake aiki kullum ba a gode masa?

KAMMALAWA

Mai bi yana godiya ne domin Allah ya cancanta, ko da godiyar ba ta ƙara masa barcin minti ɗaya ba. Amma Mahalicci, cikin alherinsa, ya sa abin da ya umarta ya zama da amfani ga wanda ya yi biyayya: hankali ya kwanta, barci ya zo, zumunci ya yi ƙarfi, mai ciwo ya sami zuciyar ci gaba da jinya. Sannu-sannu ba ta hana zuwa. Iyalin da suka fara da abu uku a daren yau, suka kuma riƙe har fitowa ta gaba ta wannan mujalla, su da kansu za su iya faɗin abin da ya sāke a gidansu.

ABUBUWAN ADDU'A

A gode wa Allah saboda rai, da abinci, da amfanin gona na bana. A yi addu'a domin marasa lafiya da masu jinyarsu, da likitoci da ma'aikatan jinya na Lafiya da kewaye. A roƙi salama mai ɗorewa a Jihar Nasarawa, da ta'aziyya ga waɗanda suka yi rashi. A roƙi Ubangiji ya kawar da gunaguni daga gidajen masu bi, ya ba iyaye da 'ya'ya idon ganin alherinsa da bakin furta shi, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.